Cajin da Na Tsaya Cikawa a Hanyar Alor Setar

Abu na farko da Kuala Lumpur ta koya mini shi ne kada in yarda da baƙon da ya zo mini da fara'a. Satina ɗaya da sauka, wani dillalin gidaje ya zagaya da ni wani ɗaki a Setapak, ya nuna mini tagar da ake hango tsaunuka, ya damƙa mini makulli har da yi mini fatan zama lafiya. Washegari na kinkimo akwatina na zo, makulli ya ƙi shiga. Ina cikin kokawa da ƙofa wata mata ta buɗe daga ciki tana tambayar wa nake nema. Ɗakin nata ne, shekararta huɗu a cikinsa. Dillali kuwa wayarsa a kashe har yau.

Ina zaune a kan akwatin a bakin titi, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ina yi wa wana waya ina zage-zage da Hausa, sai wani dogon mutum mai gemu ya ja ya tsaya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, duk wannan zagin mutum ɗaya ne zai ɗauka?"

Yaya Sa'idu ke nan. Ba mu haɗa komai ba, shi mutumin Gusau, ni ɗan Funtuwa. Amma shi ya ɗauki akwatin nan da hannunsa ya hau da shi hawa na tara, matarsa Anti Rabi ta zubo mini tuwon shinkafa da miyar kuka, na ci ina sunkuyar da kai don kada su ga hawayena. Wata uku na yi ina kwana a falonsu kafin in sami ɗaki a benen, sama da nasu. Daga baya karatun digirinsa na uku ya kai shi can arewacin ƙasar, jihar Kedah, kusa da iyakar Thailand. Ya bar iyali a Setapak saboda makarantar 'ya'yansu mata biyu da kuma sana'ar abincin da Anti take yi wa ɗalibai. Sau biyu a wata yakan shigo jirgin ƙasa ya zo.

Ranar da zan ba da labarinta, azumi yana ashirin da takwas. Gari ya waye, ina shirin komawa barci, Anti ta buga mini ƙofa ko takalmi babu a ƙafarta. Abokin karatun mijinta, Isa, ya kira ta: Yaya ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, zuciya ce, yana asibiti a Alor Setar, babban birnin Kedah. Yana farfaɗowa yana komawa, kuma duk farfaɗowar da zai yi tambayarsa ɗaya ce, ko Rabi ta taso.

Wanda bai taɓa ganin jajibirin Sallah a Malaysia ba ba zai gane ba. Birnin gaba ɗaya yake kwashewa ya tafi ƙauye. Jirgin ƙasa babu wuri, jirgin sama babu, motocin haya an kama kujerunsu tun wata guda da ya wuce. Na kira duk wanda na sani yana da mota, ta kowa ta tafi ko tana gareji. Saura mutum ɗaya, Bulus, injiniya ɗan Kafanchan da ke saman benenmu. Shi ma ƙafarsa a ɗaure, ya karye wajen ƙwallo, amma ko gama bayani ban yi ba ya dogara sanda ya biyo ni har wurin ajiye motoci.

Motarsa ta lantarki ce zalla, ba ta shan mai ko ɗigo. Ya ba ni tsohuwar wayar matarsa wadda ake kunna na'urar caji da ita, ya shiga jero mini bayani. "Habibu, jiya ban yi charging ba, sixty-two take. Ka tsaya a Tapah. Kuma ka ji ni da kyau, idan ta kai eighty ka cire ka wuce. Na saman nan ɓata lokaci ne kawai."

"Na gane, oga," na ce.

Ban gane komai ba. Ni da na yi shekara shida ina jan motar babana daga Funtuwa zuwa Legas, ban ga abin da wani zai koya mini a kan sitiyari ba. Kaina yana da girma a lokacin, gara in faɗa da bakina. Matar Bulus ta karɓi yaran, Anti ta shiga baya da carbinta da ƙaramar jaka, muka kama hanya wajen ƙarfe takwas.

Abin da ya fara damuna shirun motar ne. Ba ƙugin inji, ba jijjiga, ba abin da zai rufe maka sauti. Duk numfashin da Anti ta ja ina ji. Ina jin ƙwayoyin carbinta suna bugun juna ɗaya bayan ɗaya. A motar gida sai ka ƙara wuta inji ya cika maka kunne ka huta da tunani, wannan kuwa ta bar ni da tunanina tsirara. Ga hanya maƙil, motoci a jere kamar layin awo, kowace da kaya a sama da yara a baya suna murna. Mu kaɗai ne a titin nan ba Sallah za mu ba.

Sai lambar caji da ke allon gabana. A motar da ke shan mai allura ce, kuma duk direban Najeriya ya san allura maƙaryaciya ce, ta kwanta a ja amma ka yi tafiya mai nisa. Idan ta ƙare ma akwai jarka a but, akwai 'yan bumburutu a kowane ƙauye. Wannan ba allura ba ce, lamba ce, kuma tana sauka kana kallo. Sittin da biyu, hamsin da biyar, arba'in. Muna isa Tapah tana goma sha uku.

Tapah zango ne babba a bakin hanya, da masallaci da rumfunan abinci da gidan mai. Na'urorin caji suna can gefe, motoci biyar a gabanmu. Na tsaya a layi ina kallon gidan man da ke tsallake. Wani magidanci ya shigo da irin motar nan mai haɗi biyu, wadda take cin caji kuma take shan mai. Ya leƙo layinmu, ya girgiza kai, ya wuce ya sha mai, kafin in gama lissafin motocin gabana har ya ɓace. Ban taɓa yi wa wani hassada irin wadda na yi wa mutumin nan ba.

Sama da awa ɗaya muka yi kafin layi ya zo kanmu. Na jona, lamba ta fara hawa da sauri, har na fara jin sanyi a raina. Tana kai hamsin wayar Anti ta yi ƙara. Isa ne, kuma ya kara wa Yaya wayar a kunne. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ji Anti tana cewa, "Muna hanya, Baban Walida. Ga Habibu nan yana ta gudu. Ka yi haƙuri, mun kusa." Ba mu kusa ba, ko rabi ba mu yi ba. Tana ajiye waya na fizge igiyar cajin muka tafi da hamsin ɗin.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi na biyu.

Bayan Ipoh hanya takan hau dutse, ta yi ta lanƙwasa har ta shige wani dogon rami da aka fafe a cikin tsauni. Ba wanda ya gaya mini hawa yana cin caji kamar yadda yake cin mai, ko kuma an gaya mini ban saurara ba. Lamba ta riƙa zubewa. Wurin caji na farko da wayar ta nuna mini, muka tarar da layi har bakin titi, na wuce. Na biyu an rufe na'urar da leda an manna takarda. Na kashe na'urar sanyi, na sauke gilashi, iska mai ɗumi ta riƙa shigowa, ga azumi, leɓena ya bushe. Daga goma sha biyu motar da kanta ta fara rage gudu, ina taka totur tana yi mini kamar ba da ita nake ba. Manyan motoci suna ta danna mini hon.

A lokacin na hango abin da zai faru sarai: mota ta mutu a gefen hanya a tsakiyar gonar kwakwar manja, ni da matar mutane, ba jarkar da za ta cece mu, ba wanda zai tsaya ya tsiyaya mana ko kofi ɗaya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na riƙa karanta duk abin da ya zo bakina. Da muka gangara wani ƙaramin wurin caji kusa da Taiping, lambar tana huɗu.

Nan ba layi. Allah ya taimake mu, na'ura ɗaya ce kuma babu kowa a kanta. Muka yi azahar a ɗan masallacin wurin, muka dawo, Anti ta koma kujerar baya ta jingina kai ta rufe ido. Cikin abin da bai fi rabin awa ba lamba ta kai tamanin.

A nan ya kamata in cire.

Ni ɗan unguwar da ake kawo wuta sau biyu a mako ne. A gidanmu idan aka kawo wuta kowa rugawa yake yi da waya da tocila da rediyo, a yi ta faɗa a kan soket, kuma ba mai cire tasa sai ta cika fal, domin ba wanda ya san ranar da za a sake kawowa. Da wannan na girma. Shekarata biyu a ƙasar da ba a ɗauke wuta, amma har lokacin ba na iya fita da waya idan ba ɗari take nunawa ba. Ga wuta a gabana, ga tsoron da na sha a kan dutse bai sake ni ba. Na ce a raina wallahi ba zan motsa ba sai ta cika.

Daga tamanin sai abin ya koma tafiyar hawainiya. Lamba ɗaya sai ta yi minti biyu, uku, kafin ta canza. Ina tsaye na harɗe hannu, sai wata farar mota ta shigo ta tsaya a bayana. Wani tsoho Basine ya fito, gajere, da gajeren wando da silifas, ya zo ya leƙa allon na'urar ya yi murmushi.

"Boss, pergi mana?" Ina za ni, yake tambaya.

Na ce Alor Setar.

"Aiyo, cukup lah! Boleh jalan." Ya koma Turanci ya yi mini dalla-dalla: tamanin ta ishe ni har da saura, hanya daga nan shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa, kuma ashirin ɗin da suka rage za su ci mini lokaci fiye da duk abin da na yi a baya. Ya ce shi kowane wata yana bin hanyar da mota irin wannan.

Na dube shi, na dubi motarsa da ke jiran wurina, sai na ga dillalin Setapak. Fara'ar iri ɗaya ce. Na ce a raina, wato so kake in tashi ka jona taka, in je in mutu a daji. Na ce masa na gode, amma ni na riga shi zuwa.

Bai ji haushi ba. Ya leƙa ta taga ya ga Anti, ya ga carbi, ya sassauta murya ya tambaye ni ko lafiya. Na ce asibiti za mu. Sai fuskarsa ta canza, ya dafa hannuna ya ce to don me nake tsaye, in tafi yanzu, idan tsoro nake ji akwai wani wurin caji a Gurun kafin a shiga gari. Na janye hannuna. Na juya masa baya na ci gaba da kallon allo. Ya koma motarsa ya zauna, ya buɗe jarida.

Minti hamsin na yi a tsaye daga tamanin zuwa ɗari. Na sani domin ina duba agogo.

Hanya ta kasance kamar yadda tsohon ya faɗa, shimfiɗaɗɗiya, gonakin shinkafa hagu da dama har iyakar ganinka. Na yi gudu iyakar abin da cunkoso ya bari. Mun wuce Gurun Isa ya kira, Anti ta ɗauka, ya ce mu dai yi sauri. Daga nan bai sake kira ba, mu ma ba wanda ya ce a kira shi.

Muka shiga asibitin bayan la'asar. Isa yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Tun daga nesa na gane, Anti ma ta gane, domin ba ta jira na gama tsayawa ba ta buɗe ƙofa, sai kuma ta kasa fita. Na tambayi Isa yaushe. Ya ce bai fi minti ashirin da biyar ba. Ya ce da hankalinsa ya cika, ya yi kalmar shahada, kuma kafin nan ya sa an juya masa gado yana fuskantar ƙofa.

Na koma in kashe mota. Lambar da ke allon tana arba'in da ɗaya. Cajin da na tsaya cikawa ko taɓa shi ba mu yi ba.

Mutanen wurin sun yi mana abin da ba zan manta ba. Da aka kira magariba wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta durƙusa gaban Anti da dabino da ruwa, ta riƙe mata kofin har ta sha. Washegari jama'ar wani masallacin unguwa, waɗanda ba su san mu ba, suka yi masa wanka da sutura, suka cika sahu, suka ba shi wuri a maƙabartarsu a tsakanin iyayensu. Kowa yana shirin Sallah amma suka bar abin da suke yi. Muka juyo ranar Sallah, hanya fayau. Na tsaya caji sau biyu, duk na cire a tamanin, muka iso Setapak da saura. Motar ba ta da laifi, tana zuwa ko'ina idan mai ita ya san halinta. Bulus ya karɓi makullinsa ya rungume ni, bai tambaye ni komai ba.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Ba ni na kashe Yaya ba, kuma ko tashi sama na yi da motar ba zan ƙara masa numfashi ɗaya ba. Malamai sun gaya mini, ni ma na gaya wa kaina. Amma ba rai ya roƙa ba, matarsa ya roƙa, kuma wannan a hannuna take. Hamsin a cire ashirin da biyar, ko ɗan firamare ya san amsar. Na daina iya kallon waya tana caji. Idan na wuce wurin cajin motoci a gindin wani kanti sai in riƙa neman tsohon nan a cikin mutane, ban san ma me zan ce masa ba idan na gan shi.

Abin da ya fi ci mini rai godiyar Anti ce. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce, "Habibu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ko ɗan'uwa na jini sai haka." Tana cikin takaba amma duk Juma'a sai an hawo mini da kwanon tuwo. Ina karɓa, ina ci.

Da ta fita takaba ta yanke shawarar komawa Gusau da yaran. Saura kwana uku su tashi ta ce in raka ta Jalan Masjid India ta sayi tsarabar hijabai da yaduka. Na bi ta shago-shago ina riƙe da ledoji. Da muka gaji muka zauna a wani shagon shayi na Indiyawa, aka kawo mana shayi mai kumfa. Na ga idan ban faɗa yau ba, sai dai in mutu da shi.

"Anti, akwai maganar da nake riƙe da ita tun ranar nan."

Ta ajiye kofi ta dube ni. Na faɗa mata duka, tun daga gargaɗin Bulus har tsohon da na juya wa baya, har lambar da na gani a bakin asibiti. Na ce da na saurara da ta same shi da rai. Na ce ta yafe mini.

Ta daɗe tana juya cokali a cikin shayin.

"Habibu, kana tsammanin barci nake yi a motar nan?"

Na ɗago kai na dube ta.

"Idona ne kawai a rufe. Gilashi a sauke yake. Duk abin da tsohon nan ya faɗa na ji, na Malay da na Turanci, kuma na san gaskiya yake faɗa, daga muryarsa na sani. Da na buɗe baki na ce maka tashi mu tafi, za ka ƙi?"

"Ba zan ƙi ba, Anti."

"To ban ce ba." Ta goge ido da gefen hijabinta. "Tun da na ji muryarsa a Tapah jikina ya ba ni. Muddin muna kan hanya ina da miji. Tsoron isa nake yi, Habibu. Kowace lamba ta ƙi motsawa sai in ji daɗi a raina, Allah ya yafe mini. Yana can yana kallon ƙofa, ni ina nan ina roƙon kada abin nan ya cika."

Hayaniyar shagon ta ci gaba, ana ta kiran oda, ana buga faranti.

"Na yafe maka duniya da lahira," ta ce. "Kai ka ji daɗi, wadda za ka roƙa tana zaune a gabanka. Ni wa zan roƙa?"

Shayin ya huce a gabanmu ba wanda ya sake taɓa nasa. Can ta miƙe ta gyara hijabi, ni kuma na tattara ledojin na bi bayanta zuwa tashar jirgin ƙasa.